Kunnen Shagon Malam Balarabe

Shagon Babanmu a ƙofar gida yake, a nan Gwarzo, rumfa ce ta kwano da aka jingina da bangon zaure. Sunansa Malam Balarabe. Yana gyaran janareto da injin ban ruwa, amma abin da ya yi suna da shi injin yankan itace ne, mai sarƙar nan da ake riƙewa a hannu. Gyara kowa yana yi. Shi Baba ƙara wa inji ƙarfi yake yi.

Yadda yake yi na haddace shi tsaf, duk da ban taɓa riƙe sifana a gaban mutane ba. Zai kwance salansa, ya faɗaɗa ramin da hayaƙi ke fita, ya goge bakin da magagari. Yakan ce inji kamar mutum ne, in hancinsa a toshe yake ba zai yi gudu ba. To amma in numfashi ya ƙaru, ci ma ya ƙaru, dole a ƙara masa mai. A jikin kafireto akwai ƙananan noti biyu, ɗaya an rubuta L, ɗaya H. H ɗin ne na babban gudu. In ka murɗa shi dama mai ya ragu, in ka murɗa hagu ya ƙaru. Baba ba shi da wata na'urar awo. Da kunne yake saiti.

Abin da yake saurare shi ne gargada. In an ba inji wuta har ƙarshe ba a sa shi a itace ba, a ƙarƙashin kukan akwai wani ɗan ɓarɓar, kamar mai kurkure maƙogwaro. Da sarƙa ta shiga itace sai ya ɗauke, murya ta miƙe. In ka ji wannan, inji ya ƙoshi. In kuwa babu gargada, kuka ne siriri mai tsini kawai, to yunwa yake ji. Zai yi ta gudu gwanin sha'awa, sannan ya yi zafi, fistin ya kama. In Baba ya gama saiti, sai ya ɗiga jan farce a kan notin da tsinken ashana, don in mai inji ya taɓa ya dawo yana rantsuwa, a gane.

Ni a tagar zaure na koyi duk wannan. Wata 'yar taga ce da ke kallon rumfar. Tun ina firamare nan nake aikin gida saboda haske, da na gama sakandare kuma na koma ɗinkin hula a wurin. Baba yana son yi wa masu inji bayani, ni kuma ina ji. Ba ni da yawan magana. Kakata Marka, mahaifiyar Baba, ba ta kirana Adawiyya sai in ta ji haushi. Bebiya take ce min.

A bara kunnen Baba ya fara nauyi. Rediyo sai ya ƙure murya. Kiran salla sai ya ga mutane sun ɗauki buta. Babu wanda ya ce masa komai, wa zai faɗa? Sai Marka, ita ma ta yadda ba zai ji ba.

"Balarabe, ka ci tuwon?"

"A'a Inna, sai gobe zai zo ya ɗauka."

Sai ta juyo ta kalle ni. "Gida ya cika. Ga kurma, ga bebiya. Saura ni in makance mu kafa ƙungiya."

Bayan ƙaramar salla Nasir na Lakwaya ya kawo inji, Baba ya buɗe masa salansa. Kwana huɗu ya kama. Bayan wata guda na wani mutumin Kabo ma ya kama, tun a rana ta biyu. Baba ya ce laifin masu injin ne, ba sa haɗa mai daidai. Ƙa'idarsa gwangwanin tumatir ɗaya na man inji a kowane galan na fetur, ya ce yaran yanzu rabin gwangwani suke zubawa. Ni dai ina taga ranar da aka saita injinan nan biyu. Na ji lokacin da gargada ta zo, na ji lokacin da ta tafi, hannun Baba bai tsaya ba. Yana ta murɗawa dama, yana neman ƙarar ta kai masa yadda ya saba ji.

Magana ta bazu. A gidan biki na ji wata tana cewa hannun Malam Balarabe ya fara cin inji. Rumfar da a da sai an bi layi, ta koma Baba shi kaɗai yana jera sifanu yana sake jerawa.

Ranar wata Laraba da hantsi Sharfaddeen ya zo. Mai yankan itace ne daga Kabo, dogo, muryarsa kamar a kasuwa yake ko da yaushe. Ya sauke injin daga babur ya durƙusa.

"Baba Balarabe, ina kwana? An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Sharfaddeen."

"Ya iyali? Ya jikin Marka?"

"Aiki da godiya."

Sharfaddeen ya ɗaga murya. Ya ce akwai wani maɗaci a bakin Islamiyyar Malam Zulkifli a Masanawa. Iskar farkon daminar nan ta tsaga shi, ya karkata kan ajin yara. Dagaci ya amince, an karɓo takarda a wurin ma'aikatan daji, gobe Alhamis ba karatu, gobe za a kayar.

"Gindin nan mutum uku ba sa rungume shi, Baba. Injina yadda yake sai mu kai magariba. Kuma ka san aikin, in na yanka rabi inji ya mutu, bishiyar nan ba ta tsaye ba ta kwance, ba mai iya kusantarta."

"Za a yi."

"Gaskiya fa an hana ni zuwa. Nasir har gida ya same ni. Na ce ni dai injin ubana ma kai ka buɗe masa. Amma in wannan ya kama, Baba, wallahi ko ni ba ni da bakin kare ka."

Baba ya ji wannan, don na ga yadda ya sunkuyar da kai yana juya sukundireba. Ni ma na ji. Sharfaddeen ne na ƙarshe da ya rage. In nasa ya kama, a gaban dagaci da mutanen Masanawa, rumfar nan ta rufu ke nan.

Aikin salansa ya yi kyau, wannan ido ne da hannu, kuma su ba abin da ya same su. Bayan azahar aka tayar da inji. Na ajiye hula na matsa jikin taga. Baba ya ba shi wuta, ya sa sukundireba a H. Da farko yana ta tari da hayaƙi. Ya murɗa dama, tari ya ragu. Ya ƙara, sai ga ta nan, gargada, daidai yadda ake so. A raina na ce, tsaya Baba, tsaya. Hannunsa ya ci gaba. Na ƙura wa hannun ido, ya tafi kusan rabin zagaye. Kukan ya haye sama ya zama siriri har haƙorana suna tsami.

Sharfaddeen ya yi tsalle. "Kai! Ka ji zaki! Nasir ya zo ya ji wannan!"

Baba ya yi murmushi ya ɗiga jan farce. Sharfaddeen ya ce zai je neman igiya, a wasa masa sarƙa, da sassafe zai zo ya ɗauka.

Da aka kira la'asar Baba ya tafi masallaci, layin ya yi tsit. Na leƙa ba kowa. Na fito da mayafi, na ɗauki sukundireba. Na kankare jan farcen, na mayar da notin hagu rabin zagaye. Na ɗauko kwalbar jan farcen Baba na shafa sabo, na busa ya bushe, na koma na ɗauki hulata.

Baba ya dawo ya zauna zai wasa sarƙa. Ko minti biyar ba a yi ba ya leƙo zaure.

"Wa ya taɓa min inji?"

Na ci gaba da ɗinkina.

"Ni da tsinke nake ɗigawa. Wannan da burushi aka shafa, an bi gefe-gefe kamar farcen amarya." Ya kalle ni, ya kalli cikin gida. "'Yan wasa da sana'ar mutane."

Bai zarge ni ba, ko a ransa bai kawo ba. Ya koma ya kankare, ya tayar da inji, ya murɗa har kukan nan ya dawo. Ya ɗiga nasa da tsinke.

Na shiga ɗakin Marka tana tsinke zogale. Na gaya mata komai tun daga injin Nasir. Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan ba, har ta ajiye faranti.

"Ashe akwai harshe a bakin nan."

"Marka, ke ce kika haife shi. Ki faɗa masa."

"In ce masa me? Balarabe, kafiretonka ya yi yaya? Cewa zai yi tsufa ya taɓa ni. Ni na san ba ya ji, amma ban san abin da ba ya ji ɗin ba. Ke kika ji, ke za ki faɗa."

"Ba zan iya ba."

"To zauna. Gobe bishiya ta danne ajin yara, sai ki ɗinka wa ubanki hular da zai rufe fuska da ita."

Na fito. Baba ya shigo zaure shan ruwa. Na durƙusa a gefensa, idona a ƙasa.

"Baba, ni ce na taɓa. Injin yana jin yunwa."

"Me?"

"Na ce ni ce na taɓa notin."

"Ɗaga murya mana! Ke kullum kamar sauro a cikin tulu."

A rayuwata ban taɓa ɗaga wa babba murya ba, balle Baba. Na runtse ido.

"Baba, ba ka jin gargada! Ta zo ta wuce ba ka ji ba! Haka na Nasir, haka na mutumin Kabo!"

Inna, mahaifiyata, tana daka a tsakar gida, taɓaryar ta tsaya cak. Ni kaina ban san muryar tawa ba ce. Baba yana riƙe da moɗa bai sha ba, bai ajiye ba. Na ce yau kam sai mari, duk da bai taɓa dukana ba.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun na Nasir," na faɗa da ƙarfi.

"Ba ki faɗa ba."

"Na ji nauyi."

"Injin mutane biyu kika ji nauyi a kansu."

Ya ajiye moɗar ya fita. Na koma taga. Na ga ya sake kankare jan farcen, ya sa sukundireba yana mayar da notin ciki a hankali, yana ƙirga zagayen da baki, har ya tsaya. Ya daɗe yana kallon abin.

"Kwata uku," ya ce, shi kaɗai. "Ni Balarabe na bar inji mai buɗaɗɗen salansa a kwata uku."

Sai ya juyo wajen tagar. Ashe ya san nan nake zama.

"Zan fara daga waje in riƙa shigowa. In kin ji ta, ɗaga hannu. Kar ki yi min kara."

Ya tayar. Tari, hayaƙi, tari ya ragu. Da ta zo na zura hannu ta taga. Ya tsaya nan take, ya kashe, ya sake ƙirgawa. Zagaye ɗaya da kwata.

"Nan ne gurbinsa," ya ce. "Shekara ashirin nan hannuna yake tsayawa." Ya mayar da shi, ya ɗiga jan farce. Bai ce min sannu ba, bai ce min komai ba. Da muka zauna cin tuwo dai ya tsame naman miyarsa ya aiko min.

Da sassafe Sharfaddeen ya zo, ya ja igiyar inji don ya ji daɗi. Fuskarsa ta canza.

"Baba, me ya sami zakin jiya? Wannan ai tsohon bunsuru ne mai mura."

"Sa shi a itace."

Akwai wani gungumen darbejiya da muke gwaji a kansa. Sarƙa tana shiga gargada ta ɗauke, murya ta miƙe, gari yana fita manya-manya. Ya yanke shi kamar rogo.

"To ya dai ci," in ji Sharfaddeen. "Amma jiya ya fi ƙarfi."

"Jiya ya fi ihu. Ka ɗauka ka tafi, ina bayanka. Zan zo in ga aikin da idona. Kar ka taɓa min noti."

"Haba Baba, ni?"

Baba ya leƙo ya ce in shirya, zan je in gaida Anti Rahamatu. Ƙanwar Inna ce, ita ke auren Malam Zulkifli, gidansu katanga ɗaya da Islamiyyar. Inna ta ƙulla min daddawa in kai mata. Muka hau babur, gonaki duk an yi shuka, gero ya fara fitowa. Har muka wuce Kabo ba wanda ya yi magana, dama ko na yi ba ji zai yi ba.

Maɗacin ya fi yadda aka faɗa. Tsagar ta sauko tun daga inda rassa suka rabu, rabinsa ya rusuna kan kwanon ajin. An riga an sassare ƙananan rassa da gatari, an ɗaura igiya biyu ta yamma inda fili yake, majiya ƙarfi sun fi goma suna jira. An shimfiɗa tabarma can nesa a inuwar mangwaro, wakilin dagaci da Malam Zulkifli suna zaune, Baba ya je aka yi ta gaisawa. Ni na shige cikin gida. Mata sun taru a bayan katanga, wasu sun taka turmi suna leƙe.

Anti Rahamatu tana tambayata su Inna, ya Marka da ƙafa, sai na ji an tayar da inji. Na bar amsa a rabi.

Ba gargada. Kukan jiya ne, siririn nan mai tsini. Sharfaddeen ya riga mu zuwa da kusan rabin awa, ya samu sukundireba.

Na taka turmi na leƙa. Yana tsaye a gindin bishiya yana ba shi wuta, samari suna ta "Kai! Kai!" Baba yana kan tabarma, ya karkata kai wajen bakin Malam Zulkifli yana ƙoƙarin jin abin da yake cewa. Na ɗaga hannu. Ba ya kallo. Na kaɗa bakin mayafi. Wata mata ta ce, "Ke kuma wa kike yi wa?" Sharfaddeen ya sa sarƙa ya fara yanka bakin da bishiya za ta faɗi ta kansa. Wannan yankan gajere ne. Na bayan shi ne dogon, shi ne wanda in an fara ba a tsayawa.

Na sauko. "Anti, ba ni ruwa in kai wa Baba."

"An kai musu ai."

"Nasa daban ne, yana shan magani."

Ƙarya ce, Allah ya yafe min. Ta ba ni a kwanon sha. Na fito, fili cike da maza, ji nake kamar kowa ni yake kallo. Na sa ido a yatsun ƙafata har na isa tabarma. Na durƙusa na gaishe su, ban san ma ko muryata ta fita ba. Na miƙa wa Baba kwanon. Ya kalle ni da mamaki. Ba dama in yi ihu a nan. Sai na nuna masa farcen babban yatsana, na kankare shi da ɗaya farcen, na murɗa yatsu biyu dama.

Baba ya kurɓi ruwan, ya miƙo min, ya miƙe.

"Sharfaddeen! Kashe injin nan!"

Sai da ya je har gabansa yana ɗaga hannu kafin ya kashe.

"Me na ce maka a Gwarzo?"

"Baba, wallahi ni ban..."

"Kar ka rantse, a gaban makaranta kake." Ya karɓi injin ya juya shi, ya nuna wa wakilin dagaci da ya taso. "Ranka ya daɗe, ka ga nan? Ja na ɗiga da hannuna. Ina jan?"

"Ɗan kaɗan ne fa na taɓa," in ji Sharfaddeen yana sosa ƙeya. "Mutane sun taru, Baba, a ce injina yana mura?"

Aka fashe da dariya. Wani daga masu igiya ya ce, "Mu da za mu tsaya a ƙarƙashin bishiya, gara mai mura da gawa." Wani dattijo ya ce, "Oh, daga can inuwar mangwaro ya jiyo! Aka ce kunnen Malam Balarabe ya tafi?"

Baba bai amsa wannan ba. Ya durƙusa ya mayar da notin ciki, ya fito da shi ɗaya da kwata. Ni na riga na koma kan turmi. Ya tayar, ya ɗago ido wajen katanga. Saura kaɗan, don injin ya riga ya ɗau zafi. Ban motsa ba. Ya ƙara hagu kamar faɗin farce. Na ɗaga bakin mayafi kamar ina gyarawa. Ya miƙa wa Sharfaddeen.

Dogon yankan ya ɗauki lokaci. Ƙarfen da sarƙa ke bi bai kai faɗin gindin ba, sai da ya ci ta dama, ya zagayo ya ci ta hagu. Garin maɗaci ja yana ta zuba har ya rufe masa ƙafa. Ni ban kalli bishiya ba, kunne na sa. Duk sanda ya zaro sarƙa don ya gyara tsayuwa, gargada ta dawo. Ya mayar, ta ɗauke. Sau bakwai na ƙirga. Aka buga katako a bakin yankan, masu igiya suka ja, ana "Ku ja! Ku ja!" Maɗacin ya yi wata ƙara daga ciki, ya ɗago daga kan ajin a hankali, ya tafi yamma. Da ya faɗi sai da turmin da nake kai ya motsa. Kwano ɗaya ne kawai ya lotsa, shi ma tun ranar iska ne.

Sharfaddeen ya ci gaba da gunduwa har azahar, injin bai ko yi tari ba. Da ya huce Baba ya kwance fulogi ya nuna wa mutane bakinsa. Launin soyayyar gyaɗa. Ya ce wanda ya ji yunwa fari yake fitowa kamar toka. Malam Zulkifli ya yi addu'a aka shafa.

Za mu tafi, ina tsaye jikin babur ina jiran Baba ya gama sallama, Sharfaddeen ya zo yana ɗaure injinsa. Bai kalle ni ba, ya yi kamar da igiyar yake magana.

"Ruwan nan da aka kai wa Baba, akwai magani mai ƙarfi a ciki."

Na ja mayafi na rufe baki.

"Ba zan faɗa wa kowa ba. A dai riƙa ba shi kullum."

A hanya, mun kusa shiga Gwarzo, Baba ya tsaya a gefen titi ya kashe babur. Bai juyo ba.

"An ce daga mangwaro na jiyo. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Abin yana damuna."

Na matsa kusa da kunnensa. "Ka bari a haka, Baba. Ni ba na son a sani."

"Wanda ya tambaye ni kai tsaye zan faɗa masa."

"To."

Ranar Asabar Nasir ya dawo da wani inji. Kafin ya sauke, Baba ya ce masa wancan da ya kama ba laifin gwangwaninsa ba ne, ya kawo a sake masa fistin. Nasir ya ce, "Allah ya bar zumunci."

Yanzu akwai zare da ya bi ta tagar zaure, irin wanda nake ɗinkin hula da shi, na ninka shi huɗu. An ɗaure gwangwanin tumatir a ƙarshensa, yana rataye daidai idon Baba. In gargada ta zo sai in ja, gwangwani ya yi rawa, hannunsa ya tsaya. Mutum biyu sun tambaya, ya faɗa musu. Ɗaya ya yi dariya ya ɗauka wasa ne, ɗayan ya ce a gaida mai kunne.

Marka ta matsa masa ya je asibiti a duba shi, ya ce sai bayan girbi. Ni dai ya sayo min auduga, ya ce duk sanda yake gugar ƙarfe ko gwajin janareto in toshe, sai lokacin saiti in cire.

"Kunnen nan na shago ne," ya ce. "Ki adana shi."

Marka ta daina ce min Bebiya kwana biyu, sannan ta ci gaba.